Daga takardar adireshi zuwa kujerar zama: wata ukun farko na wani mai barin giya

Mutumin da wannan nazari ya shafa magidanci ne ɗan shekara 43, ma'aikaci, mai mata da 'ya'ya. Ba a ambaci sunansa ko inda yake ba, domin an haɗa lamarin ne daga abubuwan da ke yawan maimaituwa a hannun masu aikin taimaka wa mashaya. Ya kai shekara 12 yana shan giya kusan kullum. A shekara biyun baya abin ya kai sai ya ɗan kurɓa da safe kafin hannunsa ya daina rawa ya iya riƙe alƙalami. Sau biyu ya yanke sha shi kaɗai a gida, kuma duka biyun bai kai kwana uku ba. Gumi da amai da rashin barci da faɗuwar gaba suka mayar da shi.

An taɓa yi masa maganar taron masu barin giya. Shekarar da ta gabata wani ma'aikacin lafiya ya rubuta masa adireshi da lokaci a 'yar takarda, takardar ta yi wata biyu a aljihunsa har ta yage. Sau ɗaya ya isa bakin ginin, ya tsaya daga nesa yana kallon masu shiga, ya juya gida. A wannan ɗan tsakanin ne, tsakanin takarda da kujera, mutane da yawa ke ɓacewa, kuma a kansa aka fi mai da hankali a wannan karon.

Abin da ya riga taro

Kafin a ce masa ga inda za ka je, an fara auna zurfin ruwan. An yi masa tambayoyi goma na AUDIT, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, wanda makinsa ke tashi daga 0 zuwa 40. Maki 8 zuwa sama na nuna sha mai haɗari, 20 zuwa sama kuma na nuna mai yiwuwa jiki ya riga ya dogara da giya. Ya samu 27. Ko ba ma'auni, shan safe da rawar hannu sun isa su ba da amsa.

Jikin da ya dogara da giya ba a yanke masa ita kwatsam ba tare da likita ba. Giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwar da ta saba da dannewar sai ta riƙa ƙara wuta don ta daidaita. Ranar da aka janye giyar, wutar na nan ba mai danne ta. Alamomin kan fara awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe. Jijjiga irin ta farfaɗiya kan zo cikin kwana biyun farko. Mafi muni, wato gigicewa da zazzaɓi da gane-ganen abin da babu, kan zo tsakanin kwana na biyu da na huɗu, kuma yana kisa idan ba a yi magani ba. Taron 'yan'uwa ba shi da likita ko gado ko allura. Wanda ya tura mai rawar hannu can kai tsaye ya ce masa ya daure, ya jefa shi cikin haɗari, komai kyan niyyarsa.

Saboda haka an kwantar da shi kwana biyar. An ba shi diyazifam, maganin kwantar da ƙwaƙwalwa, ana rage masa kaɗan-kaɗan, da tiyamin, wato bitamin B1, wanda ke kare ƙwaƙwalwar mashayi daga lahani mai wuyar gyara. An duba hantarsa. Da za a sallame shi aka ɗora shi a kan naltirekzon, miligiram 50 kullum, don rage kwaɗayin giya, bayan an tabbatar ba ya shan turamadol ko kodin ko danginsu, domin maganin ba ya haɗuwa da su.

Nemo zaman da ya dace

An fara maganar taro ne a kwana na huɗu, yana kan gado, tun kafin ya koma gida ya tarar da tsoffin hanyoyinsa suna jiransa. An shimfiɗa masa zaɓin da ke akwai a taƙaice.

Mafi yaɗuwa ita ce Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa AA. Bill Wilson da likita Bob Smith ne suka kafa ta a 1935 a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, kuma yau tana da rukunoni a ƙasashe masu yawa. Tafarkinta matakai 12 ne. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, son daina sha. Ba rajista, ba kuɗin shiga, ba a tambayar cikakken suna. Akwai kuma SMART Recovery, wadda aka kafa a 1994. Ita ba ta maganar addini, ba ta da tsarin jagora irin na AA, inda wanda ya daɗe da bari ke bi da sabo, tana koyar da dabaru ne a kan abu huɗu: ƙarfafa niyya, jure wa kwaɗayi idan ya taso, sarrafa tunani da ɗabi'a, da daidaita rayuwa. Ga wanda ke son tafarkin ya tafi da addininsa, akwai Millati Islami, da aka fara a 1989 a Baltimo, wadda ta daidaita matakan 12 da koyarwar Musulunci, akwai Celebrate Recovery ta Kiristoci da ta fara a 1991. Mata na da Women for Sobriety. Waɗannan ƙananan ba ko'ina ake samunsu ido da ido ba, sau da yawa sai ta intanet.

Shi dai abin da ke kusa da shi AA ne, rukuni uku, sai SMART ta Zoom. Jadawalin zaman AA ana samunsa a shafin ofishin AA na ƙasa ko na yanki, a wasu wurare kuma a manhajar Meeting Guide. Amma jadawali yakan tsufa. Rukuni kan canza ɗaki ko ya mutu gaba ɗaya sunansa na nan a shafi. Sabon mai bari da ya tattara duk ƙarfin zuciyarsa ya je ya tarar da ƙofa a kulle, da wuya ya sake gwadawa a makon nan. Don haka ba a ba shi adireshi ba sai da aka kira lambar rukunin aka tabbatar da rana da lokaci da ƙofar da ake shiga.

Aka kuma duba irin zaman. Buɗaɗɗen zama kowa na iya shiga, har dangi da ma'aikatan lafiya. Rufaffen zama na masu son daina sha ne kawai. Akwai zaman da mutum ɗaya ke ba da labarinsa sauran na sauraro, akwai na tattaunawa, akwai na nazarin mataki ɗaya, akwai na sababbi. An zaɓa masa buɗaɗɗen zama mai mai-jawabi ɗaya, don a nan ba wanda zai juyo ya ce masa yi magana, kuma matarsa za ta iya raka shi in ya so.

Sai abin da ya bambanta wannan karon da na takarda. Yana zaune aka kira wani tsohon ɗan rukunin da ya yarda ya riƙa karɓar sababbi, aka miƙa masa wayar suka gaisa. Mutumin ya ce zai jira shi a bakin ƙofa minti 15 kafin a fara, kuma zai kira shi daren jajiberin don tunatarwa. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A wani ƙaramin bincike na Sisson da Mallams a 1981, mai mutum 20, duk waɗanda aka haɗa ta wannan hanya sun je taro cikin mako guda, waɗanda aka ba bayani da adireshi kawai kuwa ko ɗaya bai je ba. Mutum 20 ba su da yawa, amma duk mai wannan aiki ya san abin da suka gani gaskiya ne. Saɓa wa takarda ba ya da nauyi. Saɓa wa mutumin da ke tsaye yana jiranka yana da shi.

An sa zaman farko a rana ta biyu bayan sallama.

Zaman farko, da abin da ya lalace

An faɗa masa tun da wuri abin da zai gani, domin rabin tsoron na rashin sani ne. Zama kan ɗauki awa ɗaya, wani lokaci da rabi. Mai gudanarwa, wanda shi ma mai barin giya ne kamar kowa, zai buɗe da ɗan karatu. Za a tambaya ko akwai sabo. Zai iya faɗin sunansa na farko, zai iya cewa ya zo sauraro ne, zai iya yin shiru. Ba dole ne ya kira kansa mashayi ba ko da ya ji sauran suna yi. A AA ba a katse mai magana, ba a mai da masa martani, kowa nasa yake faɗa. Za a zagaya da ɗan kwando na gudummawar hayar ɗaki, ba a sa ran sabo ya saka komai. Wasu rukunoni kan rufe da addu'a, wanda bai so ba sai ya yi shiru. Ɗakin kan kasance na haya a makaranta ko asibiti ko coci, hayar ba ta mai da rukunin na masu ginin ba.

Ya je, ya zauna kusa da ƙofa, ya kai ƙarshe. Da aka tambaye shi washegari sai ya ce ba zai koma ba, ya kawo dalili uku.

Na farko, mai jawabin ya ba da labarin kurkuku da kwanan titi da mutuwar aure. Shi kuwa yana da aikinsa da iyalinsa, don haka a ganinsa bai kai can ba. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama sababbi, su saurari labari suna neman inda suka bambanta da mai shi. Aka ce masa: "Malam, bar maganar kurkuku. Da ya zo kan ɓoye kwalba, da alkawarin safe da ba ya kai yamma, ka ji wani abu da ka sani?" Ya yi shiru, sannan ya ce ya ji. Aka nemi a zama na gaba ya ƙirga abin da ya yi kama da nasa kawai.

Na biyu, maganar rashin iko. Matakin farko na AA amincewa ne cewa mutum ba shi da iko a kan giya, kuma matakan gaba suna maganar miƙa lamari ga Allah gwargwadon yadda mutum ya fahimce Shi. Wasu na jin wannan ya yi musu addini da yawa, wasu kuma na jin ya yi sakwa-sakwa da yawa ga aƙidarsu. Shi abin da ya dame shi kalmar rashin iko ce, yana ganin kamar an ce ya sallama. Ba a yi gardama da shi ba. An ce ya gwada SMART ya kwatanta, tunda babu dokar da ta hana mutum zuwa duka biyun.

Na uku shi ne mai haɗari. Bayan an tashi, wani dattijo a rukunin ya ji yana shan naltirekzon, ya ce masa wanda ke shan ƙwaya bai bar komai ba, ya zubar. Wannan ra'ayin mutum ɗaya ne. Ita AA a rubuce-rubucenta ta ce kada wani ɗan ƙungiya ya mai da kansa likita. Amma ba a taru an zama ɗaya ba, kuma ɗaki mai buɗaɗɗiyar ƙofa kowa na shiga. An sa masa ƙa'ida mai sauƙi: maganar magani ta likita ce, kuma ba dole ne ya faɗa wa kowa a taro abin da yake sha ba. A nan aka haɗa masa da sauran gargaɗin da ya kamata a yi wa kowane sabo. Kada ya ba da rance ko ya karɓa. Ya yi hattara da mai neman kusanci da ya wuce kima, abin da mata sababbi suka fi fuskanta, shi ya sa al'adar AA ita ce namiji ya nemi jagora namiji, mace ta nemi mace. Kuma riƙon sirrin taro amana ce kawai tsakanin mutane, ba irin sirrin likita da doka ta kare ba, don haka abin da ya shafi shari'a ko aikinsa ba a tsakiyar ɗaki ake faɗarsa ba.

Yarjejeniyar da aka yi da shi ita ce zama shida a rukuni uku daban-daban cikin mako biyu kafin ya yanke hukunci. Rukunoni suna bambanta kamar gidaje. Littafi ɗaya suke karantawa, amma wani ɗakin mutum 40 ne da hayaniya, wani mutum 8 ne da suka san juna.

Abin da ya riƙe shi

Rukuni na uku ne ya karɓe shi, ƙarami, na tattaunawa, mai zama da yamma. Lokacin ya fi komai muhimmanci. Babban shansa kan fara ne daga tashi aiki, tsakanin ƙarfe 5 da 8. Zaman safe zai bar waɗannan awanni a buɗe, zaman ƙarfe 6 kuwa ya zauna a kansu daram. Duk mai tsara wa wani jadawalin taro ya fara tambayarsa ƙarfe nawa yake sha.

Abu uku aka sa ya yi a makonni ukun farko. Ya karɓi lambar waya ta mutum uku, ya kira ɗaya kullum ko da ba abin da ya faru. Ya ga wannan wauta ce, ya kira baƙo ya ce masa me? Amma wanda bai saba kira a ranar lafiya ba, ba zai kira ranar da kwaɗayi ya shaƙe shi ba. Na biyu, ya karɓi ɗan aiki, jera kujeru, wanda ke nufin isowa minti 20 kafin kowa. Aikin ba wani abu ba ne, amma ya mai da rashin zuwansa abin da za a lura da shi. Na uku, ya nemi jagora na wucin gadi, wato wani da ya daɗe da bari, wanda zai bi da shi matakan. An shawarce shi ya zaɓi wanda ya yi aƙalla shekara guda bai sha ba, yake da nasa jagoran, yake ɗaga waya, kuma ba ya tsoma baki a magani ko aure ko kuɗi. Iya magana a taro ba ya cikin sharuɗɗan. Jagora in bai dace ba ana canza shi, ba laifi.

An yi masa maganar zama 90 cikin kwana 90, wadda za a ji a kusan kowane ɗakin AA. Shawara ce, ba ta cikin matakan. Tana da amfani ga wanda ba shi da aiki ko yake zaune shi kaɗai. Ga mai aiki da iyali takan zama dutsen da zai ɗauka ya kasa, sannan ya ce ai ya riga ya faɗi. An tsaya a kan uku ido da ido a mako, da SMART ɗaya ta intanet. A zaman intanet ya sa sunansa na farko kawai, ya yi amfani da abin sauraro na kunne, ya lissafa bambancin lokaci, wanda ya taɓa sa shi shiga ɗaki awa ɗaya bayan an watse. Zaman intanet yana ceton dare mai wuya da ranar tafiya. Rauninsa shi ne mutum zai iya kashe kyamara yana sauraro da kwalba a gefe, kuma babu 'yar tsayuwar nan ta bakin ƙofa bayan an tashi, inda ake ƙulla yawancin zumuncin. Daga SMART ya ɗauki abu ɗaya da ya riƙe sosai, takarda mai gida huɗu: amfanin sha, illar sha, amfanin bari, wahalar bari. Da ya cike ta ya ga duk amfanin shan na awa biyu ne, illar kuma ta shekaru.

Ga mai tambayar ko taron na aiki, bitar 2020 ta Cochrane (ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana auna shi), wadda John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri suka yi a kan bincike 27 masu mutum 10,565, ta gano cewa tsararren shirin haɗa majiyyaci da AA ya kai ko ya fi sauran sanannun hanyoyin jiyya wajen kai mutum ga daina sha gaba ɗaya. Bayan shekara guda, kimanin kashi 42 cikin 100 ba su sha ba, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 35. A lura da abu biyu a nan. Abin da aka auna haɗawa ce da ma'aikaci ke yi da gangan, yana bibiya. Kuma ko a ɓangaren da ya fi, fiye da rabi sun sake sha cikin shekarar.

Kwana na 47

Ya sha. Da aka bi sawun abin, ba ranar ya fara ba. Kwana goma kafin nan aiki ya yi yawa, ya ba wani jera kujerun. Sai ya rasa zama biyu. Ya daina kiran kullum domin a cewarsa ya ji sauƙi. Maganinsa ya ƙare bai je ya karɓo ba. Ranar kuwa ya yi faɗa da matarsa da safe, bai ci komai ba har yamma, ya tashi aiki a gajiye. Masu AA kan gargaɗi junansu da abu huɗu, yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya, shi kuma ya haɗa su duka. Ya sha dare biyu.

Abin da ya hana dare biyu zama wata biyu shi ne an riga an saba ganinsa a wajen jera kujerun. Da ba a gan shi ba, jagoransa ya kira, bai ɗaga ba, ya sake kira washegari. An fara da lafiyar jiki: an duba shi ko alamomin yankewa za su dawo, domin yawan yankewa da komawa kan sa kowane yankewa ya fi na baya tsanani. Wannan karon bai buƙaci kwanciya ba. An mayar da shi kan maganinsa, aka sa ya koma taro cikin awa 48.

Komawar ta fi zuwan farko wuya. A rukunoni da yawa ana ƙirga kwanakin bari, ana ba da 'yar alama a kwana 30, 60, 90, kuma wanda ya sha yakan koma ƙirga daga ɗaya. Ƙirgar tana ƙarfafa wasu. Ga mai tsananin kunya kuwa takan zama dalilin ƙin komawa, sai ya ce tunda ya zube bari ya zube gaba ɗaya. An nuna masa lissafi na biyu, kwana 46 cikin 48 bai sha ba, abin da bai taɓa yi ba cikin shekara 12. Jagoransa ya same shi a bakin ƙofa suka shiga tare. Ya faɗa a jimla biyu, ba wanda ya yi mamaki, domin da yawa daga cikin waɗanda ke ɗakin sun taɓa faɗin irinta.

Matarsa ce abin ya fi girgiza. Ta koma shinshinar bakinsa da binciken aljihunsa, shi kuma yana jin an mai da shi fursuna. An haɗa ta da Al-Anon, ƙungiyar iyalan mashaya da aka kafa a 1951, wadda ke da nata zaman daban. Ta je uku, ta ce za ta ci gaba. Binciken aljihu ya ragu, bai ƙare ba.

Inda aka tsaya a wata na uku

A kwana na 90 daga sallamarsa yana da kwana 42 a jere bai sha ba. Yana zuwa rukuninsa sau biyu a mako, SMART sau ɗaya, ya karɓi maɓallin ɗakin, wanda ke nufin in bai zo ba ba a shiga. An rubuta masa alamomin gargaɗi nasa na kansa a bayan katin asibiti: rasa zama biyu a jere, kwana uku ba kira, ƙarewar magani. Matarsa da jagoransa suna da kwafi, da izininsa.

Akwai abin da bai warware ba. Barcinsa har yanzu a yanke yake, kuma faɗuwar gaban da ake zaton ta giya ce ba ta tafi ba, don haka an tura shi a duba shi a kan ciwon damuwa, abin da taro ba zai yi masa magani ba. Ya tsaya a mataki na huɗu, inda ake rubuta laifuffukan kai ba ɓoye-ɓoye, mako uku ke nan bai taɓa takardar ba, jagoransa kuma bai matsa masa ba. Kalmar rashin iko har yau bai yarda da ita ba, yana tsallake ta idan ana karatu. Za a sake ganinsa a asibiti bayan mako huɗu, tare da sabon gwajin hanta.